Man Kaɗe a Shokazoba

Abin da muka yi ja-in-ja a kansa shago ne guda ɗaya. Ƙofa biyu gare shi, ɗaya na kallon titin Kaduna, ɗaya na kallon cikin tasha. Rufin kwano ne, da dakali a gaba, ga durumi da inuwarsa ke sauka a kan dakalin tun daga hantsi har la'asar. Duk babbar motar da ta fito daga Ikko, ko ta nufi can, a bakin dakalin nan take tsayawa direba ya sauko ya miƙe baya. Masu neman shagon mu biyu ne, ni da kawunku Tanko, yayan mahaifiyarku ciki ɗaya. Shi yana da gingimari biyu da gida mai soro, in bai samu ba abin da zai rasa bai wuce ɗan jin daɗin a ce nasa ne ba. Ni kuwa abin da na mallaka rumfar zana ce a ƙuryar kasuwar Birnin Gwari, bayan masu daddawa, inda ba mai zuwa sai wanda ya ɓata hanya ko wanda rediyonsa ya mutu murus. Mahaifiyarku tana da tsohon ciki. Na riga na yanke a zuciyata, in ban fito bakin titi a shekarar nan ba, zan tattara mu koma Kazage in kama fartanyar mahaifina.

Na san kun ji labarin daga bakuna da yawa. 'Ya'yan kawunku suna da nasu, tsofaffin 'yan kamasho suna da nasu, har akwai masu rantsuwa cewa na soya mota a kaskon ƙosai. Ban soya ta ba. Ga yadda aka yi.

Shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula ne, kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa na sayen abin da bai san amfaninsa ba. Ni kayan rediyo nake sayarwa, da batir, da ƙwan tocila, da 'yan kayan keke, sai fulogi da fambel saboda direbobin da ba sa zuwa wurina. Na je saro kaya Kaduna na tarar da wani Kwara, irin Larabawan nan masu kantuna, yana kwashe kantinsa zai koma ƙasarsu. A can ƙasan kanta na ga kwalaye biyu da hoton motar tsere a jiki, da wani kwali na uku cike da tayoyi, da sifirin, da ƙananan haƙoran giya a cikin leda. Ya ce motoci ne da ake tuƙawa daga nesa, amma a wargaje suke zuwa, sai mutum ya haɗa da kansa, shi ya sa masu kuɗin Kaduna suka ƙi saye. Na buɗe akwatin tuƙin na leƙa cikinsa, na ga ai rediyo ne kawai da ba ya magana. Na kwashe duka ukun.

Da na haɗa ta farko, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Akwatin tuƙin, wanda ku yanzu kuke kira rimot, yana da eriya doguwa da 'yan sanduna biyu, ɗaya totur, ɗaya sitiyari. Batirinta kuwa da batirin babbar mota ake cika shi. Ranar kasuwa na ajiye ta a gaban rumfa na taɓa totur. Awaki suka watse, wata tsohuwa ta saki ƙwaryar gero tana a'uziyya, wani Bafillace ya bi ta da sanda har cikin rumfar mahauta. Ranar na sayar da batir fiye da yadda nake sayarwa a wata. Sai dai jama'ar motar suke zuwa gani, ranar da ban fito da ita ba daga ni sai warin daddawa.

Labari ya kai wa kawunku. Ya zo da babbar riga ya tsaya yana kallo, hannu a baya, kamar mai duba motar da zai saya a gareji.

"Sule, wannan ita ce motar da ba direba?"

"Ita ce, Yaya."

"An ce biyu ne."

"Biyu ne, Yaya."

"To ɗayar tawa ce. Ka haɗa ka aiko."

Yayan mata ba a yi masa gardama. Na haɗa na aika, ya biya ba tare da ya taya ba, don kawunku bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, wannan ku riƙe shi.

Ana haka telan da ke shagon bakin tasha ya tashi ya koma Funtuwa. Shagon a hannun Sarkin Tasha yake, Baba Audu, tsohon direba mai ido ɗaya, ya kuma ce ba zai sake ba tela ba, mai kayan mota yake so. Na kai goro da safe, kawunku ya kai da yamma. Baba Audu ya ci duka biyun, sannan ya kira mu tare a kan dakalin.

"Ku surukai ne," ya ce. "In na ba Tanko, a ce na bi mai kuɗi. In na ba Sule, direbobi su daina gaishe ni. Shagon nan na wanda ya fi sanin mota ne. Kowannenku na da 'yar motarsa, ko ba haka ba? To ku kawo su fili."

"Ranka ya daɗe, ba za a ce caca ba ce?" na tambaya.

"Na tambayi liman. Ya ce tunda ba wanda ya zuba komai, jarrabawa ce. Ya kuma ce a ajiye masa wuri a gaba."

Ya zana hanyar da sandarsa. Daga bakin dakali a miƙe zuwa rijiya, a zagaya ta, a bi ta bayan durom ɗin mai, a kewayo durumi a dawo, zagaye biyar. Doka kuwa ɗaya ce: in mota ta lalace, a gyara ta a nan cikin tasha da abin da ke kusa, kamar yadda ake yi in ta mutu a daji. Ba mai komawa gida ɗauko komai. Ya ba mu lokaci mu shirya, bai faɗi sa'ar da za a yi ba, ni kuma ban tambaya ba.

Abin dariyar shi ne, duk ƙasar Birnin Gwari ba mai kayan motocin nan sai ni. Dole abokin karawata ya zo rumfata saye. Ni kuwa ina da ƙa'ida tun ina tallan batir a faranti: mai saye in ya zo, ina faɗa masa gaskiyar kaya sau ɗaya. In ya ji, to. In bai ji ba, in sayar masa da abin da ya nuna. Na baje masa kayan a kan tabarma, ya tsuguna yana jujjuya su.

"Wace giya ce ta fi gudu?"

"Mai manyan haƙoran nan, Yaya. Amma sai a doguwar hanya. Filin tasha duk kwana ne, kafin ta ɗau gudu an iso rijiya. Ƙaramar za ka ɗauka, ita ke fizgar mota daga kwana."

"Taya fa?"

"Mai laushi. Mai tauri a kan tsakuwa zamewa take yi. Sifirin ma mai laushi, don taya ta riƙa bin ƙasa."

Ya ɗago ya dube ni ya yi murmushi.

"Sule ke nan. Tun kana tsotson yatsa nake ratsa dajin nan da mota. Wato in sa ƙaramar giya in yi ta rarrafe, kai ka wuce ka hau dakali? Ba ni babbar. Ba ni taya mai tauri. Sifirin kuma wanda ya fi kowanne ƙarfi, guda biyu-biyu."

Na naɗe masa. Gaskiya na faɗa masa, na kuma san tun kafin in buɗe baki ba zai yarda ba. Da na ce ya ɗau babbar, da ƙaramar ya ɗauka. Wannan ba laifina ba ne, halin ciniki ne.

Kawunku ya shirya motarsa yadda duk direban babbar mota zai shirya. A saninsu, mota ba lodi rawa take yi a hanya, mai lodi ita ke zama daram. Wannan gaskiya ne a kan gingimari, don haka ba wanda ya isa ya ce musu ba gaskiya ba ne a kan abin da ake ɗauka da hannu ɗaya. Ya cire bodin roba ya jefar, ya sa kafinta ya ƙera masa bodin katako mai tsawo, da ɗan tsani a gefe. Mai fenti ya zana zaki a baya da dawisu a ƙofa. Aka narkar da dalmar mataccen batir, aka ɗinka mata 'yan buhuna kamar na masara, aka jera su har sama aka ɗaure da zare. Direbobi suka riƙa zuwa gidansa suna ba da shawara, kowa na ƙara buhu. Abu ɗaya ya dame shi, an rasa inda za a samo mata ham.

Ni kuma na bi tawa a hankali. Na sa ƙaramar giya. Na sauke batir ƙasa na matso da shi tsakiya, don nauyi in yana sama mota kifewa take yi. Tayoyin gaba na ɗan juyo bakinsu ciki kaɗan, sai ta daina yawo a miƙaƙƙiyar hanya. Na baya kuwa na yanka robar cikin tayar keke na lulluɓe su, na tsattsaga da reza don su kama tsakuwa. Duk wannan ya yi. Abin da ya hana ni sakat shi ne shokazoba. Guda huɗu ne, kowanne kamar ɗan yatsa, ana ɗura musu mai don su danne tsallen sifirin. Kwalbar man da ta zo da su ta tsiyaye a kwali tun a Kaduna. Ba mai, motar in ta taka dutse sai ta yi ta lilo har ta manta inda za ta.

Na fara da man gyaɗa, ya yi ruwa da yawa, kamar ba a sa komai ba. Na sa baƙin mai na inji, ya kumbura robar bakin ya tsiyaye. Na sa manja, motar ta riƙa barin jan layi a ƙasa kaji na binta. Zuma ta yi kyau ƙwarai, har na yi hamdala, washegari na tarar da motar baƙa ƙirin da tururuwa, sun shiga har cikin inji. Ina zaune a tsakar gida da azahar na rasa abin yi, sai idona ya faɗa kan kwanon man kaɗen mahaifiyarku, rana ta narkar da shi ya zama kamar romo mai kauri. Wurin Saratu take sayensa, wata Bagwariya daga wajen Kutemeshi da ke suyar ƙosai a tasha da safe. A lokacin mata su kaɗai suke shiga dajin nan tsintar kaɗanya, su dawo da kaya a kafaɗa ba abin da ya taɓa su, wannan dajin da ku yanzu ko da rana ba kwa bi. Na ɗura man na ajiye motar a bayan gida. Wallahi kamar an shimfiɗa mata kwalta. Ta taka dutse ta haɗiye shi, ta sha kwana ba ta ɗaga ƙafa ba.

Kullum da azahar nake gwaji, don lokacin ne kasuwa ke mutuwa in samu sararin rufe rumfa. Ɗan kasuwa ba ya wasa da safe.

Mahaifiyarku kuwa tun ranar da aka sa tseren, sai Inna, kakarku, ta kira ta ta sa ta yi alkawari ba za ta sa baki ba, tsakanin miji da ɗan'uwa. Ta riƙe alkawarin nan fiye da yadda kowa ya so. Tana zuwa gidan yayanta ta ga abin da ake yi, ta dawo ba ta ce uffan ba. Ranar da ta kama ni da cokali a kwanonta ta tsaya ta dube ni.

"Malam, da man nan za ka yi tseren?"

"Da shi."

"To."

"Mene ne kuma to?"

"Ba komai. Na yi wa Inna alkawari. Ka dai bar mini na shafa wa yara."

Ana gobe tsere Baba Audu ya aiko cewa da an sallame asuba za a yi, kafin motocin Ikko su iso su cika fili. Ƙarshen damina ne, raɓa ta jiƙa ƙasa, kowa ya fito da mayafi. Duk da haka tasha ta cika, har kan motoci mutane suka hau. Liman na gaba a kan buzunsa. Kawunku ya iso da rakiyar direbobi, an ɗauko motarsa a kan faranti an rufe da ƙyalle. Ni na zo da tawa a hammata. Aka shimfiɗa igiya a bakin dakali, Baba Audu ya ɗaga hula ya sauke.

Na taɓa totur, motata ta yi tsalle. Ba gudu ba, tsalle, irin na kwaɗo. Ta dira ta sake tashi, duk tsakuwar da ta taka sai ta wurga ta sama. Na juya sitiyari tayoyin na iska, ta wuce rijiya ta shige ƙarƙashin teburin mai shayi. Na ruga na ɗauko ta na danna ta da hannu, ko motsi sifirin bai yi ba. Man kaɗen ya daskare a ciki kamar sabulu. Duk macen da ke garin nan ta san man kaɗe da safe sai an murza shi a tafin hannu. Na ɗaga kai na hango mahaifiyarku cikin mata a bakin katanga, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Motar kawunku kuwa ta tashi a hankali tana nishi, sannan ta ɗau gudu, direbobi na ihu. Kyakkyawa ce, ba ƙarya. Ta iso kwanar rijiya da gudun nan, ya karya sitiyari, ita kuma ta kwanta a gefe ɗaya da girmanta, buhunan dalma suka watse. Tasha ta yi tsit, irin shirun da ake yi in an ga haɗari na gaske. Wani ɗan kamasho har salati ya yi.

"Alhaji, sauke lodin!" direbobi suka fara kira. "Rage mata kaya!"

"Ni?" in ji kawunku. "Tun da nake ban taɓa zubar da kayan mutane a daji ba. Da lodinta ta tashi, da lodinta za ta shiga tasha."

Ya tsuguna da babbar rigarsa yana tsince buhunan ɗaya bayan ɗaya yana jerawa, yana ɗaurewa. Wannan ya ba ni lokaci. Na duba abin da ke kusa, na ga murhun Saratu na ci, mai na tafasa a kasko. Na nufe ta da gudu.

"Mama Saratu, ara mini wuta!"

"Mai rediyo, ka haukace? Kar ka sa mini ƙarfe a mai!"

"Ba a mai ba, a gefe. Manki ne ya daskare mini a mota."

"Man da na sayar don a shafa a ƙafa? To ai ka gasa a hankali, in ya ji wuta da yawa ruwa zai zama. Juya ɗaya gefen. Juya mana, kamar masara!"

Na riƙe motar a bakin murhu ina juyawa, ina danna sifirin da yatsa har na ji ya fara amsawa. Bodin robar ya lanƙwashe ta gefe ɗaya, gashin hannuna ya ƙone, amma ko ɗigon mai bai taɓa ta ba, Saratu shaida ce har ta rasu. Na mayar da ita inda ta tsaya. Kawunku ya riga ya tashi, ya ba ni zagaye guda cur, sai dai yanzu ya ji tsoron kwana, in ya iso rijiya sai ya rage gudu ya lallaɓa kamar mai ɗauke da ƙwai.

Motata da ta ji ɗumi ta koma yadda na san ta. Ƙaramar giyar nan ta riƙa fizgarta daga kowace kwana, tayoyin baya na watsa tsakuwa. Na cinye tazarar da ke tsakaninmu kaɗan-kaɗan, mutanen kasuwa suka samu baki suna kiran sunana. Amma iskar safiya na bugunta, ina gani tana fara taurin kai. A zagaye na huɗu ta fara ɗan tsalle a bayan durom. A na biyar ta koma rabin mota rabin kwaɗo. Ita ma ta kawunku ta gaji, dalma da babbar giya sun shanye batirinta, kukan injin ya koma kamar na sauro. Ta kewayo durumi tana jan jiki, ta miƙe zuwa igiya, saura kamar taki ɗaya ta tsaya cak. Kawunku ya danna totur har sandar ta lanƙwashe, ko gezau.

Ni kuma ga ni na fito daga durumi a bayansa, hanya a buɗe ta hagu. Na karya sitiyari hagu. A daidai lokacin ta taka wani ɗan dutse ta tashi sama, tayoyin gaba suka juya a iska ba abin da suka kama, ta dira da hanci a kan zakin da ke bayan motarsa. Ƙaramar giya ba ta san wasa ba. Kafin in ɗage yatsa daga totur ta tura gingimarin nan da lodinta duka, ta haye da ita kan igiya. Tasa a gaba, tawa a manne a baya.

Ba zan iya kwatanta muku hayaniyar ba. Direbobi suka ɗaga kawunku sama. 'Yan kasuwa suna cewa motar da ta mutu ba ta cin tsere. Liman ya ce shi a littattafan da ya karanta bai ga wannan mas'ala ba. Baba Audu ya bari aka gaji, sannan ya buga sandarsa a dakali.

"Nan tasha ce, da dokar tasha za a yi. Motar da hancinta ya riga shiga ita ke da layi, ko da ƙafarta ta shigo, ko turo ta aka yi. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne!" in ji direbobi.

"To shago na Tanko ne. Saura ɗaya. Wanda ya turo mota daga daji har tasha, me ake yi masa?"

Direbobi duk sun san amsar. Wani tsoho a cikinsu ya ce, "Gidan gaba yake zama kusa da direba, ba ya biyan kuɗin mota."

"Madalla. Sule zai zauna a shagon da kayansa, ba haya, muddin yana raye."

"Ni kuma fa, Sarki?" in ji kawunku. "Ina zan zauna?"

"Kai direba ne, Tanko. Kana hanya."

'Yan kasuwa suka biyo ni har gida suna zuga ni kar in yarda. Suka ce ni na ci, a kai magana gaban hakimi, ina ni ina zama a ƙarƙashin wani kamar yaron shago. Maganarsu ta shige ni, don ina da zuciya a lokacin. Da suka watse na zauna a tsakar gida ina kallon motar da ta lanƙwashe. Mahaifiyarku ta ajiye mini koko.

"Tsere ya ƙare, alkawarina ya ƙare," ta ce. "In yi magana?"

"Da kin yi ta tun ranar cokali ai da ba a kai nan ba."

"Da na yi, da ka ci, da Yaya bai sake taka gidan nan ba, direbobinsa kuma ko fulogi ba za su saya a wurinka ba. Yanzu kuwa duk wanda ya sayi kaya a shagon zai ɗauka yayana yake yi wa ciniki. Kai me kake so, a ce naka ne, ko a saya?"

Na sha kokon, na je na gaya wa Baba Audu na karɓa.

Abin da ta faɗa haka ya kasance. Kawunku ya sa aka rubuta sunansa a allo da manyan baƙaƙe aka kafa a saman ƙofar titi, ya umarci duk direban da ya sani daga nan har Tegina kada ya sayi ko ƙusa a wani wuri. Shi bai taɓa sanin kuɗin fambel ba, bai kuma taɓa tambayata ribar kwabo ba. In ya sauka daga tafiya sai ya zo ya zauna a dakali ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ba baƙi labarin yadda ya ci tsere da cikakken lodi. Ni ina ciki ina ba da canji, in an tambaye ni in ce haka aka yi.

Abin da na biya shi ne sunana. Baƙo in ya karanta allo ya leƙo ya ga mutum a zaune, sai ya ce sannu Alhaji Tanko. Da farko ina gyarawa, daga baya na ga gyaran na cin lokacin ciniki. Dilolin Kaduna da na Kano duk da sunan suka san ni. Ranar da Allah ya karɓi ran kawunku, labari ya kai Kaduna cewa Alhaji Tanko mai kayan mota na Birnin Gwari ya rasu. Suka cika mota suka zo ta'aziyya. Suka yi sallama a ƙofar gida, suka tarar da ni a zaune a kan tabarma da carbi ina amsa gaisuwa. Na gabansu ya juya a guje, takalmansa har yau ba wanda ya zo nema. Ina cikin hawayen rashin mutumin nan na yi dariya har aka riƙe ni, na kuma san da yana nan da ya fi ni dariyar.

Don haka ku ji da kyau, kar wani ya kai ku kotu bayan raina. Ginin na 'ya'yan kawunku ne, ubansu ya ci shi a gaban liman da jama'a. Kayan da ke ciki naku ne har ƙusa ta ƙarshe. Zaman kuwa nawa ne ni kaɗai, ba a gadon gidan gaba. In kuna son ci gaba da zama ku je ku yi magana da su da ladabi, ku biya haya kamar kowa.

Na sha yin lissafin abin nan in kasuwa ta yi sanyi. A ɓangaren asara akwai tsere ɗaya, da bodin mota ɗaya, da sunana da bai taɓa hawa allo ba. A ɓangaren riba akwai suruki da ya mutu yana ganin ya fi ni sanin mota, bai kuma taɓa riƙe ni a zuciya ba, da gida, da Makka ni da mahaifiyarku, da ku tara da kuka yi karatu daga cinikin ƙofa biyun nan. Ko'ina kuka je aiki, in an kira ku, da sunan Sule ake ƙarasawa. Duk ta inda na juya lissafin, ni na ci riba.